Sayen Goɗiyar Da Aka Yi Wa Tiyatar Haihuwa: Lissafin Da Ke Gaban Masu Kiwon Ƙuru A Kudancin Kaduna

KAFANCHAN, Jihar Kaduna — Daga cikin tambayoyin da kan taso wa mai niyyar zuba jarinsa a kiwon ƙananan dawaki, da wuya a sami mai nauyin wannan: idan aka kawo masa goɗiya mai kyan gani a kan farashi mai rahusa, amma aka ce an taɓa tsaga cikinta an ciro ɗa, ya saya ko ya haƙura? Mai son a yi ciniki zai ce ɗinki ya warke, babu sauran magana. Mai son karya farashi kuwa zai ce goɗiyar ta gama aiki, sai mahauta. Ilimin likitancin dabbobi da lissafin kasuwa sun nuna cewa kowannensu rabin gaskiya ya faɗa. Abin da ke yanke darajar irin wannan goɗiya shi ne dalilin da ya sa aka yi mata aikin tun farko, da kuma nisan da ke tsakanin turkenta da likitan da zai iya ceto ta idan matsalar ta sake dawowa.

Ƙuru da ƙasarsa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wasu dawaki 'yan ƙanana ƙwarai waɗanda aka daɗe ana zaɓen iyayensu domin a rage musu tsawo. Ƙungiyar masu kiwon irin waɗannan dawaki da aka kafa a Jihar Tekzas ta Amurka a shekarar 1978 ba ta yi wa doki rajista idan tsawonsa ya haura inci 34, wato kimanin santimita 86. Ƙasar Ajantina ma ta yi suna da wani iri da ake kira Falabella. Ana ajiye su ne domin ado, da gasar nuna dabbobi, da kuma wasan yara, kuma samunsu a Nijeriya abu ne mai wuya.

To amma Arewacin Nijeriya na da nasa ƙaramin dokin tun fil azal, wanda Hausawa ke kira ƙuru. Ya fi waɗancan na Amurka girma, sai dai bai kai dokin Arewa ko na Barno da ake hawa a ranar salla ba. Mazauninsa shi ne duwatsun Filato da gefensu na yamma da ya shigo Jihar Kaduna: ƙasar Piti a Ƙaramar Hukumar Lere, da ƙasar Chawai a Ƙaramar Hukumar Kauru, da maƙwabtansu Rukuba da Irigwe da Berom a Jihar Filato. Mutanen waɗannan wurare sun shahara da hawan ƙuru ba tare da sirdi ba, suna fita farautar gayya da shi, kuma a zamanin da ya wuce da shi suke kare garuruwansu daga mahara.

Zuwan mulkin Turawa ya kawar da buƙatar dokin yaƙi, ƙarancin namun daji ya rage armashin farauta, daga bisani kuma keke da babur suka karɓe aikin sufuri. Saboda haka yawan ƙuru ya yi ƙasa sosai. Abin da ya rage masa na kasuwa a yau shi ne bukukuwan gargajiya, da wuraren shaƙatawa na birane inda ake ɗora yara a kai, da kuma gidajen masu hali da ke son 'ya'yansu su fara koyon hawa a kan dabbar da ba ta da tsawo.

Ko a ƙasa baki ɗaya, doki ba dabba ce mai yawa ba. Ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka gudanar a shekarar 1990, aka wallafa sakamakonta a 1992, ta ƙiyasta shanu miliyan 13.9, awaki miliyan 34.5, tumaki miliyan 22.1, amma dawaki kimanin 200,000 kacal. Mafi yawansu kuma suna can ƙuryar Arewa, domin da zarar an gangaro ƙasa mai duhuwa da ƙoramu irin ta Kafanchan da Kagoro da Kwoi, doki na fuskantar barazanar ƙudan tsando mai kawo sammore, da kaska, da ƙananan ƙwarin damina masu yaɗa annobar dawaki. Wannan ne ya sa kowace goɗiya mai haihuwa da ta saba da yanayin yankin take da daraja fiye da abin da ido ke gani, kuma yanke mata hukunci a kan tabo kawai na iya zama asara ga mai ita da kuma ga irin baki ɗaya.

Abin da ya bambanta haihuwar goɗiya da ta saniya

Goɗiya kan ɗauki ciki na kimanin kwana 340, wato wata goma sha ɗaya, kuma ɗa guda take haifa. Ko da komai ya tafi daidai, mai kiwo ba zai sami fiye da duƙushi ɗaya a shekara ba. Wannan shi ne ginshiƙin duk wani lissafi da za a yi a kanta.

Haihuwar kanta tana zuwa ne da sauri da kuma ƙarfi. Daga fashewar faya zuwa faɗowar ɗa, yawanci minti 20 ne zuwa 30, kuma galibi da dare abin ke faruwa. Saniya na iya shafe sa'o'i tana naƙuda a ciro ɗan maraƙinta da rai, amma mabiyiyar goɗiya tana saurin rabuwa da bangon mahaifa, kuma da zarar ta rabu numfashin ɗan ya yanke. Idan aka haura minti 40 ba a fitar da shi ba, damar samunsa da rai tana raguwa da kowane minti.

Haka zalika aikin tiyatar ya bambanta. Saniya ana iya yi mata aiki tana tsaye, a kashe mata gefen ciki na hagu da allura, a tsaga, a ciro ɗan, a ɗinke, duk a cikin ruga. Akuya da tunkiya ma likitocin dabbobi na garuruwa suna yi musu. Goɗiya kuwa sai an yi mata allurar barci ta kwanta rigingine, a tsaga tsakiyar cikinta ta ƙasa, a wuri mai tsabta, tare da ma'aikata da dama: mai yanka, da mai lura da numfashinta, da mai karɓar ɗan. Rahotannin manyan asibitocin dawaki na Amurka sun nuna cewa takwas zuwa tara daga cikin kowace goɗiya goma kan tsira daga aikin, amma a aikin gaggawa kimanin uku ne kawai daga cikin 'ya'ya goma ake sallama da rai. A wuraren da ke da kayan aiki ke nan.

A Nijeriya ba kasafai ake yi wa goɗiya wannan aiki ba. Wuraren da mai doki zai fara tunanin nufa su ne asibitocin koyarwa na likitan dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Jami'ar Jos. Daga Kafanchan zuwa Jos tafiyar kusan sa'a biyu ce a mota, zuwa Zariya kuwa ta hanyar Kaciya da Kaduna ana dab da kilomita 300. Idan aka haɗa wannan da lokacin neman motar da za ta ɗauki dabba mai naƙuda cikin dare, za a ga cewa a wannan yanki tiyatar gaggawa, in ma an samu, ceton uwa take yi, ɗan kam sai wani ikon Allah. Abin da aka fi gani a ƙauyuka shi ne goɗiyar da aka janye wa ɗa da ƙarfi, ko aka daddatsa mataccen ɗa a cikinta aka fitar. Duk abin da za a faɗa a nan game da mai tabon tiyata ya shafi waɗannan ma.

Tambaya ta farko: me ya sa aka yi aikin?

Likitocin dabbobi sun kasa dalilan wahalar haihuwa a goɗiya zuwa manyan gidaje, kuma makomar goɗiyar ta dogara ne a kan gidan da matsalarta ta faɗa.

Dalilin da ya fi yawa shi ne kwanciyar ɗa ba daidai ba. Ɗan doki na da dogon wuya da dogayen ƙafafu, kuma ana so ya fito da ƙafafun gaba biyu a miƙe, kansa a bisansu. Idan wuyan ya lanƙwashe baya, ko gwiwa ta naɗe, ko ya zo a gicciye, sai ya maƙale. Wannan tsautsayi ne na ciki guda. Goɗiyar da aka yi wa aiki saboda haka, muddin mahaifarta ta warke lafiya, tana iya sake ɗaukar ciki ta haihu da kanta kamar kowace goɗiya. Zaton da wasu ke yi cewa wadda aka taɓa tsaga wa ciki dole a yi ta tsaga mata har abada ba shi da tushe.

Dalili na biyu shi ne ƙuncin ƙugu. Goɗiyar da ta taɓa karyewa a ƙashin ƙugu, ko mota ta buge ta, ko ta faɗa rami, ƙashin kan warke ya bar ƙofar haihuwa a tsuke. Wannan aibi ne na dindindin, kuma duk cikin da ta ɗauka zai ƙare ne a inda na baya ya ƙare. A ƙasashen da ke da asibitoci a kusa, akan tsara ranar tiyata tun kafin naƙuda, kuma hakan na ƙara damar samun ɗan da rai. Amma ko a can abin na da wuyar sha'ani, domin ɗan doki a kwanakin ƙarshe yake ƙosawa, idan aka ciro shi da wuri ba ya rayuwa. Ga mai kiwo a Kauru ko Zangon Kataf, irin wannan goɗiya ta tashi daga sahun masu haihuwa.

Dalili na uku shi ne tawaya a halittar ɗan: ƙaton kai, ko murɗaɗɗun gaɓoɓi, ko wadanci. A nan ne dawaki 'yan ƙanana na Amurka suka fi shan wahala, domin ƙoƙarin da aka yi na rage musu jiki ya tara musu ƙwayoyin gado masu haifar da wadanci. Idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, a kowane ciki akwai damar kashi 25 cikin 100 a haifi wada. Yanzu akwai gwajin da ake yi da gashin dabba a gano mai ɗauke da ita, kuma maganin matsalar shi ne sauya namiji. Darasin da ke nan ga masu ƙuru a fili yake: tun da dabbobin sun yi kaɗan, haɗa uba da 'ya ko 'yan'uwa na jini ɗaya abu ne mai sauƙin faruwa, kuma ta wannan ƙofa irin waɗannan cututtuka ke shigowa.

Akwai kuma murɗewar mahaifa a watannin ƙarshe na ciki, wadda akan gyara da aiki, kuma goɗiyoyi da yawa kan ci gaba da haihuwa bayanta.

Game da girman namiji, akwai wani gwaji da masana biyu, Walton da Hammond, suka yi a Kambirij ta Ingila, suka wallafa a shekarar 1938. Sun haɗa manyan dawakin jan kaya da ƙananan dawakin tsibirin Shetland, sai aka ga ƙaramar goɗiya ta haifi ƙaramin ɗa duk da cewa ubansa ƙato ne. Wato mahaifar uwa tana taƙaita girman abin da ke cikinta. Duk da haka wannan ba lasisi ne na kai ƙuru ga ingarma ba. Nauyin ingarma da girmansa na iya yi wa ƙaramar goɗiya rauni a lokacin baye, kuma wadda ta riga ta sha wuƙa ba ta da sararin gwaji. Namiji daidai da ita, wanda aka san 'ya'yansa na fitowa lafiya, shi ya dace.

Abin da za a duba kafin a miƙa kuɗi

Tabon saniya a gefen ciki yake, kowa na gani. Na goɗiya a ƙarƙashin ciki yake, daga cibiya zuwa wajen hantsa, kuma gashi na rufe shi. Sai mai saye ya durƙusa ya shafa da hannunsa. Idan ya ji ƙullutu mai laushi wanda ke komawa ciki idan an danna, alama ce ɗinkin naman ciki ya saki, kuma nauyin wani cikin na iya ƙara buɗe shi.

Sauran abubuwan sai likita. Zai duba faɗin ƙugu, ya duba bakin mahaifa ko ya yage, domin goɗiyar da bakin mahaifarta ba ya rufuwa sosai ba ta riƙe ciki. Zai yi amfani da na'urar hoton ciki ya ga ko akwai ruwa ko ƙwayar cuta a mahaifa, ko kuwa ta manne da wani sashe na ciki bayan aikin, abin da kan jawo yawan ciwon ciki. Kofato ma abin dubawa ne, domin goɗiyar da aka yi wa aiki ta fi fuskantar maƙalewar mabiyiya, wadda dafinta kan sauka a kofato ya gurgunta dabba. Haƙora kuma su ne takardar shekarunta. Goɗiya 'yar shekara shida da ta sha aiki tana da sauran shekaru masu yawa a gaba, amma wadda ta haura sha biyar haihuwarta ta riga ta fara ja da baya ko da ba a taɓa ta da wuƙa ba.

Lokacin da ya dace a sake kai ta baye

Goɗiya kan nemi namiji tun kwana bakwai zuwa goma sha biyu bayan haihuwa, daga nan kuma duk bayan kimanin kwana 21. Masu gaggawar mayar da kuɗinsu kan so su yi amfani da wannan dama. Ga wadda aka yi wa tiyata, kuskure ne babba. Binciken asibitocin dawaki ya nuna cewa waɗanda aka kai baye a shekarar da aka yi musu aiki ba su cika kai cikin ga haihuwa ba, alhali waɗanda aka bari suka huta zuwa shekara ta gaba sakamakonsu ya fi kyau nesa ba kusa ba.

Bayan ta ɗauka, ana so a yi mata hoto a kwana 14 zuwa 16 domin a tabbatar ba tagwaye ba ne, saboda cikin tagwaye a goɗiya yawanci ɓari yake zama. A yi mata allurar rigakafin cutar sarƙe haƙora kimanin wata guda kafin haihuwa. Kada a bar ta ta yi ƙiba fiye da kima, kada kuma a bar ta da yunwa, domin ƙananan dawaki masu ciki idan suka daina cin abinci na 'yan kwanaki, kitse kan malalo cikin jininsu ya lalata hanta. Idan hantsa ta cika, kan nono ya fara fitar da wani abu mai kama da kakin zuma, haihuwa ta kusa, kuma daga wannan dare dole a sami mai kwana a barga, da lambar likitan da aka riga aka yi magana da shi, da motar da aka tanada. Bayan haihuwa, ana so ɗan ya miƙe cikin sa'a ɗaya, ya kama nono ya sha dakashi cikin sa'a biyu, mabiyiya kuma ta faɗo kafin sa'a uku.

Lissafin jari

Domin sauƙaƙe bayani, a ƙaddara cewa lafiyayyar goɗiya kuɗinta Naira 100 ne, kuma abincinta na shekara, wato harawa da dusa da hatsi da kanwa, tare da magani da ladan mai kula da ita, Naira 25. Waɗannan alƙaluma na misali ne kawai, kowane mai kiwo sai ya sa nasa.

Idan an yi wa goɗiya aiki shekaru biyu ko uku da suka wuce, kuma bayan nan ta sake haihuwa da kanta, ga ɗan ana gani, to mai sayarwa ya riga ya ɗauki nauyin jira da na kasada. Irin wannan ba ta cancanci ragi mai yawa ba, kuma wanda ya same ta a Naira 85 ya yi sa'ar ciniki.

Idan kuwa a bana aka yi aikin, kuma dalilin kwanciyar ɗa ne, mai saye zai ciyar da ita shekara guda ba tare da ta ba shi komai ba. Naira 25 ke nan. A ƙara Naira 10 na gwaje-gwajen likita da tanadin ranar haihuwa. Tun kafin a yi maganar yiwuwar ta ƙi ɗaukar ciki, farashinta bai kamata ya wuce Naira 65 ba. Bugu da ƙari, kuɗin ɗan farko ba zai shigo hannu ba sai bayan shekarar hutu, da wata goma sha ɗaya na ciki, da aƙalla wata shida na shayarwa, wato kusan shekara biyu da rabi. Wanda ya ci bashi ya saye ta, ruwan bashin zai ci ribar kafin duƙushin ya isa kasuwa.

Idan dalilin ƙuncin ƙugu ne ko yagewar bakin mahaifa, darajarta a matsayin uwa ta ƙare. Sai a saye ta a kan kuɗin dabbar hawa ko ta wasan yara, aikin da za ta iya yi shekaru da dama cikin ƙoshin lafiya. Ƙasan farashin kuwa mahauta ne ke yanke shi, domin akwai fataken da ke saye tsofaffi da raunanan dawaki daga Arewa suna bi da su ta Akwanga da Makurɗi zuwa Obollo-Afor a Jihar Inugu, inda ake yanka su. Ƙuru ba shi da nauyin nama, don haka abin da za a samu a wannan hanya bai taka kara ya karya ba.

Dole kuma a sa hali na yau a lissafi. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, kuɗin hayar mota da na magungunan da ake shigowa da su daga waje sun yi tashin gwauron zabo. A shekarar nan ta 2023 ne kuma annoba ta afka wa gonakin citta a Kaciya da Jaba da Kagarko, ta cinye jarin manoma da dama. Manomin da ke neman inda zai adana ɗan abin da ya rage masa ya tuna cewa araha ba ta ado.

Kasuwa da ɓoye aibi

A shekarar 1970 masanin tattalin arziki na Amurka George Akerlof, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 2001, ya yi bayanin abin da ke faruwa a kasuwar da mai sayarwa ya san aibin kayansa amma mai saye bai sani ba. Ya buga misali da tsofaffin motoci. Tun da mai saye ba ya iya bambanta mai kyau da maras kyau, sai ya taya duka da arha, mai kaya mai kyau ya ga ba zai iya sayarwa a haka ba ya koma gida da abinsa, kasuwa ta cika da gwanjo. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan, shi ya sa yake gudun cinikin biri a sama.

Dawakin da ke zuwa daga manyan kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari a Jihar Jigawa da Mai'aduwa a Jihar Katsina kan bi ta hannu da yawa kafin su iso ga mai kiwo, kuma tarihinsu kan ɓace a hanya. Ko a kasuwannin kusa kamar Mariri a ƙasar Lere, shaidar dillali ita ce madogara, shi kuwa dillali la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Wanda ke cutuwa a nan har da mai gaskiya, domin wanda ya fito fili ya ce an yi wa goɗiyarsa aiki saboda kwanciyar ɗa ba shi da abin da zai nuna ya bambanta ta da mai karyayyen ƙugu.

Shari'ar Musulunci ta yi tanadi a kan wannan. A mazhabar Malikiyya wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye na da zaɓin mayar da dabba idan ya gano tsohon aibi da aka ɓoye masa. Haka nan an hana sayar da ɗan da ke cikin ciki shi kaɗai, saboda rashin tabbas. Al'adun sauran al'ummomin yankin da dokar ƙasa su ma ba su yarda da yaudara a ciniki ba. Sai dai aibin mahaifa ba ya bayyana sai bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da mai sayarwa ya yi nisa, shaidu kuma sun watse. Saboda haka ya fi dacewa a rubuta yarjejeniya a gaban sarkin kasuwa da shaidu, a ambaci aikin da aka yi da dalilinsa, kuma a amince cewa ciniki bai kammala ba sai likita ya duba. Inda aminci ya samu, ana iya biyan wani kaso a riƙe saura har sai an tabbatar da ciki.

Inda hukuma za ta shigo

Yankin ba ya rasa cibiyoyin ilimi a kusa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun shekarar 1924, Cibiyar Binciken Cutar Sammore tana da hedkwata a Kaduna da reshe a Vom, ga kuma sassan koyar da likitancin dabbobi a Zariya da Jos. Gwamnatin Tarayya ma ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo a shekarar 2024. Giɓin da ke akwai yana tsakanin waɗannan cibiyoyi ne da turken mai kiwo.

Matakin da ya fi sauƙi, kuma ba ya buƙatar kasafi mai yawa, shi ne duk likitan da ya yi wa dabba aiki ko ya taimaka mata a haihuwa mai wuya ya ba mai ita takarda mai ɗauke da kwanan wata, da kamannin dabbar, da dalilin aikin, da shawararsa a kan sake baye. Wannan takarda za ta bi dabbar duk inda aka sayar da ita, ta ɗaga farashin mai lafiya, ta hana a kai maras lafiya ga halaka. Za ta amfani masu shanu da awaki fiye ma da masu dawaki, domin a cikinsu aka fi yin tiyatar. Mataki na biyu shi ne horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi na ƙananan hukumomi yadda ake gyara kwanciyar ɗan doki da hannu cikin mintunan farko, tun da yawancin matsalolin ana iya warware su ba tare da wuƙa ba idan gwani na kusa.

Ga mai saye kuwa, shawarar a taƙaice take. Ya tambayi dalilin aikin, ya nemi ganin wanda ya yi shi, ya kawo likitansa, ya cire kuɗin shekarar hutu daga farashi. Idan babu mai iya gaya masa dalilin, to ya saye ta a kuɗin dabbar hawa, ya kuma nisanta ta daga namiji har sai likita ya ba da izini.